Yadda ake ƙera sabon murfin roba na fuskar tsohon rediyo

A gidaje da dama a Kaduna akwai tsohon akwatin rediyo da aka ɗora a kan kabad ko aka tura ƙarƙashin gado: Philips, Grundig, Pye, Bush ko National. Da irinsu iyayenmu suka riƙa jin Rediyon Kaduna tun daga kafa shi a 1962, da su kuma suka riƙa laluben Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara magana a 1957. Cikin irin wannan akwati ba ya cika gagarar mai gyara. A canza kondensa, wato 'yan kayan da ke ajiye wuta a cikinsa, a kaɗe ƙura, a sake zaren da ke jan allura, sai murya ta dawo. Fuskar ce ke gagara. Robar nan mai haske da ke rufe lambobin mita takan yi ja, ta tsattsage, ta motse har ta fice daga mazauninta, kuma ko ka karaɗe Kasuwar Sheikh Gumi da Kasuwar Barci ba za ka samu sabuwa ba, don kamfanonin sun daina yin ta tun da daɗewa. Da zarar ta fita, ƙurar hunturu ta samu hanya, yara kuma su lanƙwasa allura da yatsa.

Ana iya yin sabuwa a gida. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba, amma yana cin haƙuri, kuma mafi yawan haƙurin a kan katako zai ƙare, ba a kan roba ba.

Kafin ka taɓa komai

Cire filogi daga bango. Idan rediyon mai bawul ne, wato mai kwalaben nan da ke yin ja idan an kunna, to a cikinsa akwai wutar da takan haura bolt 250, kuma manyan kondensa kan riƙe ta ko bayan an kashe. Wasu tsofaffin ma ƙarfen gindinsu haɗe yake da wutar gida kai tsaye. In ba ka saba ba, kai wa mai gyaran rediyo ya zare maka cikin, ya ba ka akwatin kawai. Ka ɗauki hoto da waya kafin a kwance da kuma lokacin kwancewa, musamman hanyar da zaren allura ya bi.

Sai gargaɗin da nake so ka riƙe fiye da kowanne: kada ruwa ya taɓa allon da aka buga lambobi da sunayen garuruwa a kansa. Fentin wannan rubutu ya tsufa, danshi kaɗan kan ɗauke shi, kuma in ya tafi ya tafi ke nan. Busasshen buroshi mai laushi ya isa.

Ka kuma duba ko tsohon murfin zai ceto. Idan ƙarce ne kawai da dushewa a samansa, a jiƙa samfefa mai lamba 1000, sannan 1500, sannan 2000, a bi shi a hankali, a ƙarasa da man goge mota ko farin man goge baki. Sau da yawa yakan dawo. Amma idan jan ya ratsa jikinsa, ko ya motse, ko yana warin tsami, to na selulod ne ko ɗan'uwansa asitet, irin robar da aka yi amfani da ita a shekarun 1930 zuwa 1950. Irinta daga ciki take ruɓewa, gugar sama ba za ta yi mata magani ba. Selulod kuma yana kamawa da wuta nan take, don haka kada ka kuskura ka gasa tsohon murfi da nufin miƙe shi.

Cire shi a hankali. Wasu da ƙananan ƙusoshin rabit aka kafe su, sai a ci kan ƙusar da siririn bakin injin huda. Wasu kuwa 'yan kunnuwan ƙarfe ne aka lanƙwasa a kansu. Waɗannan kunnuwa ba sa jure lanƙwasa fiye da sau biyu ko uku, saboda haka ɗaga su iya yadda murfin zai zame kawai. Ko ya fito gutsu-gutsu, tattara ka haɗa da salatef. Shi ne zai nuna maka tsayin tudunsa da wuraren huji.

Wace roba za ka nema

Mafi dacewa ita ce wadda ake kira PETG, mai kaurin rabin milimita zuwa milimita 1. Tana da haske garau, tana fara laushi tun wajen digiri 80 a ma'aunin Selsiyos, tana karɓar siffa tsakanin 120 da 160, almakashi na yanka ta, kuma ba ta da saurin tsagewa. Ka tambayi masu yin allon talla da masu sayar da kayan buga takardu.

Wadda ta fi sauƙin samu ita ce akirilik, wadda aka fi sani da Perspex. Masu allon talla ba sa rasa guntayenta, kuma guntu kake buƙata, ba falle guda ba. Nemi mai milimita 2 ko ƙasa da haka. Ta fi PETG ƙyalli da jure ƙarce, rana ma ba ta saurin sa ta ja, sai dai tana son zafi sosai, wajen digiri 150 zuwa 180, kuma tana da saurin fashewa wurin yanka da huji. Ga murfi shimfiɗaɗɗe ita na fi so. Ga mai tudu, PETG.

Akwai waɗanda za a iya miƙo maka da ba su dace ba. Robar gorar ruwa ko ta lemo tana motsewa da ta ji zafi, ta yi fari. Folikabonet tana shan danshi, in ba a busar da ita sa'o'i ba sai ta cika da kumfa. PVC kuwa, wadda ake yawan yin bangon takardu mai haske da ita, idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai cin ƙirji da ido, kuma da daɗewa takan yi ja. Akwai hanyar gane ta: gasa bakin wayar tagulla a harshen wutar gas har ya yi ja, dangwala a gefen robar, mayar cikin wutar. Idan harshen ya koma kore, akwai sinadarin kulorin a ciki, PVC ce. A waje ake wannan gwaji, ba a cikin ɗaki ba.

Sayi abin da zai yi maka murfi uku ko huɗu. Na farko na koyo ne.

Idan murfin shimfiɗaɗɗe ne

Yawancin rediyon taransista na shekarun 1960 da 1970 haka suke, kuma aikinsu gajere ne. Yanka kwali daidai mazaunin, gwada har ya zauna, ɗora a kan robar ka zana. Kada ka ɓare ledar da ke jikin robar sai an gama. Miƙaƙƙen layi, a dafa rula ta ƙarfe a ja wuƙa sau da yawa a wuri ɗaya, a kawo layin bakin tebur a karya. Lanƙwasa kuma sai zarto mai ƙananan haƙora. A goge baki da samfefa 220, sannan 400. Shi ke nan.

Awo

Mai tudu shi ne ainihin aikin, kuma a wurin awo mutane suka fi faɗuwa, don suna auna tsohon murfi. Tsohon ya riga ya motse. In ka kwaikwaye shi, sabon zai fito ƙarami, ya bar kafa ta ko'ina. Ramin da ke jikin akwatin ko zoben ƙarfen da ke kewaye da fuskar shi za ka auna. Manna kwali ta ciki, bi bakin ramin da fensir mai tsini, ka samu siffarsa ta gaskiya. Rage kamar rabin milimita ta kowane gefe domin tudun ya shige ba tare da gogayya ba.

Sai tsayi. Mayar da cikin rediyon mazauninsa na ɗan lokaci, gicciya rula a bakin ramin, ka ga ina kan allurar yake, musamman cibiyarta in mai zagayawa ce. Murza ta daga farkon mita zuwa ƙarshe, don wata allurar takan ɗaga a gefe guda. Bar aƙalla milimita 3 tsakanin wuri mafi tsayi da cikin murfin. Allurar da ke gogar murfi za ta zana masa layi, ta kuma sa zare ya riƙa zamewa, kana murɗa maɓalli tasha ba ta motsi.

Mazubin katako

Katako uku za ka yi. Biyu zobe ne, wato filai mai rami a tsakiya, da za su matse robar a tsakaninsu. Na uku gindi ne da aka kafa tudu a kansa. Idan roba ta yi laushi, sai a danna zobban a kan tudun, ta hau shi ta ɗauki siffarsa, kamar yadda mai wankin hula ke ɗora jiƙaƙƙiyar hula a kan katakonsa ta bushe da tsayuwarta.

Filai mai milimita 9 ko 12 ya isa ga zobba. Kowanne ya fi ramin faɗi da santimita 5 ta kowane gefe, don ka samu wurin riƙewa da wurin noti. In ba ka da zarton lanƙwasa, ka je kasuwar Panteka a Kaduna da kwalinka, kafintoci na nan. Ka yi musu bayani dalla-dalla, don sun saba da aikin da milimita ɗaya ba ta da wani tasiri a cikinsa. Abin da nake cewa shi ne: "Sannu da aiki, Malam. Don Allah a haɗa biyun nan a yanka tare, a bi ta cikin layi, kada a ci layin. Sauran ni zan ƙarasa da samfefa." Ramin da ya yi ƙanƙanta ana faɗaɗa shi. Wanda ya yi girma sai dai a sake katako.

Zoben sama shi ke yanke girman tudun ta waje, don haka raminsa ya zama daidai da awon kwalinka. Bakinsa na ƙasa, inda robar za ta karya ta hau, ka ɗan kashe masa kaifi da samfefa. Kaifin baki yakan zana layi ko ya yaga roba mai zafi. Huda ramukan noti huɗu ko shida a kewaye, nesa da ramin da santimita 2, domin leɓen da zai rage a jikin murfin ya fito lafiya ba huji.

Tudun ya fi son katakon MDF, wanda ake yi da matsattsen garin katako, don ba shi da jijiya. Duk jijiyar da ke jikin katako sai ta fito a fuskar roba, har wadda ido bai gani ba. In babu, nemi katako mai laushi marar ido. Faɗinsa zai gaza ramin zobe da kaurin robar da kaurin yadin da za ka lulluɓa, ta kowane gefe: ga roba mai milimita 1 da siririn yadi, kamar milimita 2 ke nan. Tsayinsa kuwa, ga inda ake mantuwa: tsayin da kake so murfin ya yi, a tara da kaurin zoben ƙasa, tunda sai tudun ya ratsa wannan zobe kafin ya taɓa roba. Idan kana son tudu mai milimita 15, zoben ƙasa kuma 9 ne, to katakon ya zama 24.

Yanzu sai sassaƙa. Fara da magagari, ka zagaye gefuna, kana duba tsohon murfin don ka ga yadda kafaɗarsa ta sauka. Wasu kamar ƙoƙo suke, wasu samansu a baje da kafaɗa mai lanƙwasa. Kada gefen ya tsaya cak. Ya ɗan kishingiɗa ciki da digiri 3 zuwa 5, in ba haka ba robar za ta kama shi ta ƙi fita bayan ta huce. Yanka rabin siffar a jikin kwali ka riƙa ɗorawa ta kowane ɓangare, don hagu da dama su yi daidai. Ido kaɗai yana ruɗi, amma a jikin roba mai ƙyalli ƙaramin karkata ma sai ya bayyana. Daga magagari sai samfefa 120, 220, har 400. Rufe ido ka shafa da tafin hannu. Inda ka ji tuntuɓe, koma.

Kada ka shafa masa fenti ko banish, zafi zai narkar da su su manne. Lulluɓe shi da yadin auduga mai laushi, irin na tsohuwar singileti, ka ja shi ya ɗame ba ko tattara ɗaya, ka kafe ta ƙasa. Yadin na hana zanen katako fitowa, yana kuma barin iska ta fice. Sai ka kafa tudun a tsakiyar gindi. Buga dogayen ƙusoshi biyu a kusurwoyin gindin, yanke kawunansu, huda ramukansu a jikin zobban. Su ne za su yi maka jagora, don a lokacin dannawa ba ka da sararin saiti.

Gasawa

Zaɓi lokacin da iska ta kwanta. A watannin hunturu, Disamba da Janairu, ƙura ce babbar abokiyar gaba: roba na jawo ta da kanta, kuma ƙwaya ɗaya da ta maƙale tsakanin yadi da roba mai zafi za ta bar tabo har abada. Share wurin, yayyafa ruwa a ƙasa, jira ƙurar ta lafa. Wurin kada ya zama rufaffe, ba kuma fetur ko kananzir a kusa. Sa safar hannu ta fata ko ta auduga mai kauri.

Ɓare ledar ɓangarorin biyu, wanke robar da ruwa da ɗan sabulu, bari ta bushe sarai. Sa ta tsakanin zobba ka ɗaure noti. Ajiye gindin a rana ya ɗan yi ɗumi, don katako mai sanyi na daskarar da roba kafin ta gama hawa.

Abin gasawa mafi kyau shi ne injin hura iska mai zafi. Yana cin wat 1500 zuwa 2000, ƙaramin janareto ba zai ɗauke shi ba, sai ka dubi lokacin da akwai wuta. In babu shi, risho na lantarki ya yi. In babu wannan ma, a hura gawayi ya zama garwashi, a rufe da faifan ƙarfe mai kauri yadda harshen wuta ba zai leƙo ba, a riƙe zobban sama da shi kamar santimita 20. Abin da ba a yi shi ne kai roba kan harshen wuta kai tsaye. Ban kuma son a yi amfani da tandar da ake gasa abinci.

Riƙe injin nesa da santimita 10 zuwa 15, kana zagayawa ba tsayawa. Ka fi ba gefe zafi, kusa da katako, don katakon na shanye zafin wurin, kuma nan ne robar za ta fi miƙewa. Masu farawa sukan gasa tsakiya su bar gefe, sai tsakiyar ta yi siriri, gefen ya ƙi lanƙwasa. Juya zobban ka gasa ɗaya fuskar, musamman in akirilik ce.

Robar za ta nuna maka halin da take ciki. Da farko za ta yi 'yan tattara kamar ta lalace; kada ka tsorata. Sai ta ɗame ta yi sumul. Daga nan ta fara saki, cikinta ya sauko. Idan ya sauko kamar santimita 1 zuwa 2, kuma ka taɓa gefe da bayan fensir ka ji ya lotsa ba gardama, lokaci ya yi. Idan ka ga ƙananan kumfa ko ka ji wari mai ƙarfi, zafi ya wuce, wannan fallen ya tafi.

Ajiye injin, saka zobban a ƙusoshin jagora, danna ƙasa da hannu biyu a tashi ɗaya har zoben ƙasa ya zauna a kan gindi. Daƙiƙa kaɗan kake da su, shi ya sa yake da kyau wani ya karɓi injin daga hannunka. Ci gaba da dannawa minti biyu ga PETG, huɗu ko biyar ga akirilik. Kada ka zuba ruwa don ta yi saurin hucewa. Sanyin gaggawa na barin gajiya a jikin roba, daga baya ta tsattsage.

Ɗaga ka duba a haske. Tattara a kusurwa na nufin gefe bai ji zafi ba. Zanen saƙar yadi a tsakiya na nufin zafi ya yi yawa ko yadin ya cika kaushi. Idan saman ya yi siriri har yana lotsawa, tudun ya yi wa wannan kauri tsayi: nemi roba mai kauri, ko ka ɗan sassauta noti don ta riƙa jawo kanta daga gefe.

Akwai wata dabara ga murfi mai zagaye wanda tudunsa bai da tsayi. Ba a buƙatar tudun katako sam. A ɗora zobban a kan bulo biyu, a gasa, a bar robar ta sauko da nauyinta har zurfin da ake so, a janye zafi. Tunda ba abin da ya taɓa ta, haskenta ya fi na kowace hanya. Sai dai ba ta ba da kafaɗa mai kaifi, kuma da wuya biyu su fito iri ɗaya.

Yanka da kafawa

Ɗora tsohon murfin a kan sabon ka zana faɗin leɓe. PETG almakashi ya ishe ta. Akirilik sai zarto, a hankali, leɓen na kwance a kan katako. Wuraren huji kuwa daga jikin akwatin za ka ɗauke su, ba daga tsohon murfi ba, saboda motsewar nan. Sa katako a ƙarƙashi, huda da sannu ba dannawa. Sabon bakin huda mai kaifi yakan fizgi akirilik ya fasa ta, don haka a ɗan dakushe shi a kan dutse. Ramin ya ɗan fi ƙusar faɗi. Roba na buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi fiye da katako da ƙarfe, kuma tsakanin sanyin asubar Janairu da zafin Maris da Afrilu a Kaduna akwai tazara. In ka matse ta ƙam, daga bakin huji za ta fara tsagewa.

A madadin rabit, yi amfani da ƙananan sukurori masu noti na milimita 2, waɗanda akan samu wurin masu gyaran agogo ko tabarau. Ɗaure da yatsa, ƙara kaɗan, tsaya. Inda babu huji, siririn salatef mai manne fuska biyu ya wadatar. Kada ka kusanto da Super Glue: tururinsa na barin farin hazo a kan roba mai haske, kuma ba ya gogewa.

Kafin ka rufe, duba ɗan ƙwan da ke haska fuskar. Idan yana dab da murfin, matsar da shi, don PETG ba ta son zafi mai ɗorewa. Hure ƙurar ciki, murza allura daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka wuce ta mita 49 inda a da ake kama Rediyon Kaduna a gajeren zango, kana sauraren ko akwai ƙarar gogayya.

Wajen gogewa nan gaba, tsumma mai laushi da ruwan sabulu kaɗan kawai. Fetur, tina, sinadarin goge farce da barasar asibiti duk suna dusar da roba ko su tsattsaga ta, busasshen tsumma kuma na jan ƙura ya ƙarce ta. Kada a ajiye rediyon a bakin taga inda rana ke dukansa, kada kuma a bar shi cikin rufaffiyar mota da tsakar rana. Mazubin kuma rubuta sunan rediyon da lambar samfurinsa a jikinsa, ka sa shi cikin leda tare da tsohon murfin da kwalin awo, don mai irin akwatinka zai iya zuwa nema, kuma da mazubi a hannu aikin bai wuce na rabin sa'a ba.